Maganar da Aka Ɗinka wa Baba

Ranar Laraba da hantsi, sati uku da binne mijinta Dattijo, ɗaya daga cikin dattawan majami'a, Mama tana shagonta tana datse bakin wata riga sai ga 'yarta ta fari ta shigo. Duk gidan Yaya ake ce mata, har ita Maman. Shekara shida rabonta da shagon nan. Ko ranar jana'izar ubanta a layin baya ta tsaya da kayanta na nas, ana gamawa ta koma asibiti bakin aiki.

"Mama, kin ji wannan?" Idanunta sun kumbura, amma murmushi take yi. Ta ajiye wayarta a kan keken ɗinki, tsakanin almakashi da gwangwanin allurai, ta danna.

Muryar mamacin ta cika shagon. "'Yata, ni ne babanki. Ƙarfina ya ƙare. Abin da kika yi mini na yafe miki har ga Allah. Ki dawo gida."

"Auta ne ya turo mini," in ji Yaya. "Ya ce Baba ya ɗauka a asibiti, saura kwana biyu ya rasu. Na saurara ya fi sau hamsin."

Mama ta ajiye rigar. Kwana goma sha ɗaya ta yi a bakin gadon nan, wanka kaɗai ke tayar da ita. Muryar da ta rage masa a lokacin ba ta fi ƙarar takarda ba, sai ta kai kunne bakinsa take ji. Wannan kuwa muryarsa ce ta ranar Lahadi, wadda yake karatu da ita a gaban jama'a. Kuma ba ta manta abin da ya ce ba ranar da ta ambaci Yaya. Juya fuska ya yi bango, ya ce shi ɗa ɗaya gare shi.

"Zauna ki jira ni," ta ce. "Kada ki bar kowa ya taɓa rigar nan."

Ko mayafi ba ta gyara ba ta nufi majami'a. Auta, ƙanen Yaya, shi ke kula da na'urorin sauti. Ɗakinsa wani ɗan lungu ne a baya, da tagar gilashi mai kallon bagade, inda Fasto ke tsayawa, wayoyi sun harɗe a ƙasa kamar saiwar bishiya. Shekara goma sha ɗaya yana ɗaukar kowace sujada yana adanawa. Ta same shi gaban kwamfuta da abin sauraro a kunne.

"Cire wannan abin, da uwarka kake magana."

"Mama? Lafiya?"

"Lafiyar ce ta kawo ni. Yaushe ubanka ya taso daga kabari ba a gaya mini ba?"

Mutum mai gemu da 'ya'ya biyu, sai ga shi yana sosa ƙeya.

"Wata manhaja ce, Mama. Ka ba ta muryar mutum ta koya, sai ka rubuta abin da kake so ta faɗa. Ina da karatun Baba fiye da ɗari biyar."

"Madalla da ilimi! Yana raye ko ido ba ka iya ɗagawa ka kalle shi. Yanzu da ƙasa ta rufe shi ka zama jarumi, ka zura hannu a bakinsa kana juya masa harshe."

"Ba ki ga Yaya a jana'iza ba? Tsaye kamar 'yar kallo, duk ta rame. Wa na cuta? Baba ba ya ji, ita kuma ta sami sauƙi."

"Baba ba ya ji. Allah fa? Shi ma ka cire masa waya ne?"

Hayaniyar ta fito da Fasto daga ofishinsa, da tabarau a hannu. Daga yadda ya kalli Auta, Mama ta gane ba yau ya fara jin zancen ba.

"Au, har da kai, Fasto?"

"Ya nuna mini kafin ya tura. Ban ce e ba, ban ce a'a ba."

"To ai ka ce e ke nan."

Fasto ya share tabarau da bakin rigarsa. "Mama, ni ma abin bai kwanta mini ba. Amma ki duba, yarinyar da ta yi shekara shida ba ta taka wurinki ba, yau ga ta. Wa ya sani, wataƙila abin da ke zuciyar Dattijo ke nan, girman kai ne ya riƙe masa baki."

"Zuciyarsa mai ita ya sani. Ni bakinsa na ji." Ta buga tafin hannu a tebur har wata na'ura ta yi ƙara. "Ban yi makarantar tauhidi ba, Fasto, amma ɗinki na iya. Gafara ba riga ba ce da wani zai yanka ya ɗinka ya kai da sunanka. Idan ana haɗa ta a kwamfuta, me ya kai Almasihu gicciye? Ai da sai a danna kawai! Kai ne kake koya mana kada a yi shaidar zur. Ko dokar ba ta shafi matattu ba, tunda ba su da bakin musu?"

Ta juya kan Auta.

"Kuma kai marubucin wasiƙar lahira, gaya mini. Ya yafe mata me?"

"Ai... ƙaryar da ta yi masa."

"Wace ƙarya?"

Auta ya ɗago, fuskarsa babu alamar wasa. "Da ta je gaban dattawa ta ce Baba yana dukanki. Mama, ai ke da bakinki kika ce musu ba haka ba ne. Kika ce santsi ne ya kwashe ki a banɗaki."

Mama ta tuna dogon teburin nan, dattawa bakwai, Fasto a tsakiya, mijinta a gefe yana kallon silin. Yaya ce ta ɗaure mata hannun da kanta, ta kasa haƙuri ta kai ƙara. Da aka tambayi Mama, ƙasa ta kalla ta yi zancen santsi. Dattijo ya ci gaba da zama a kujerarsa yana karatunsa na Lahadi. Yaya kuwa aka hana ta jibin Ubangiji, gurasar da masu bi ke ci tare, sai ta nemi gafara a gaban ikilisiya. Ba ta nema ba, ta kwashe kayanta. Auta ba ya cikin zaman nan, abin da uwarsa ta faɗa shi ya ɗauka. Ashe yadin da ya yi ɗinkinsa da shi, ita ta yanka masa.

Fushin bai tafi ba, wurin zama ya sake. Ta naɗe hannun rigarta ta miƙa wuyan hannun dama, wanda ba ya lanƙwasuwa, wanda ya sa take yanka da hagu.

"Dubi nan da kyau. Wannan ba santsi ba ne. Ubanka ne."

"Mama..."

"Fasto ma ya sani. Ya kalli hannun nan ranar, ya kalli Dattijo, ya zaɓi ya yarda da ni don ya fi sauƙi."

Fasto ya mayar da tabarau aljihu, bai ɗago ba.

"Ranar Lahadi ina son makirufo," ta ce. "Minti biyu. Kai kuma, Auta, ka kunna shi kawai, ba sai ka gyara mini murya ba."

A hanyar komawa ta yi ta jinjina abin. Yarinyar nan ta shigo da murmushi, karo na farko cikin shekara shida, kuma ita uwarta ce za ta ƙwace shi. Har ta tsaya a bakin wani kanti kamar mai sayayya. Ta bar mata mana, wa zai sani? Sai ta tuna kalmomin: abin da kika yi mini. Duk ranar da Yaya ta danna wayar nan, za ta sake amsa laifin da ba ta yi ba, har ta yarda ta yi.

Ta tarar da ita zaune kan benci, wayar a cinya. Mama ba ta zauna ba.

"Ba ubanki ba ne. Auta ne ya haɗa da na'ura. Ubanki bai ce ya yafe miki ba, kuma ba shi da abin yafe miki. Gaskiya kika faɗa ranar nan. Ni na yi ƙarya, na bar ki kika ɗauka. Lahadi zan faɗa a gaban kowa."

Yaya ta kalle ta. Murmushin ya ɓace.

"Da kin bar mini shi ko na sati ɗaya."

"Da na bar miki na sati, da na bar miki har abada. Na san halina."

"Shekara shida, Mama!" Ta miƙe, wayar ta faɗi cikin tarkacen yadi. "Ana nuna ni a hanya, ga wadda ta yi wa ubanta sharri. Kina ji, kina taka kekenki! Sai da ya mutu bakinki ya buɗe?"

"Sai da ya mutu," in ji Mama. "Ba ni da abin karewa."

"Kada ki ce in yafe miki yau."

"Ban ce ba. Ba kuma zan aiko wani ya faɗa da muryarki ba."

Yaya ta ɗauki jakarta ta kai bakin ƙofa, ta tsaya tana huci. Sai ta dawo, ta fizgo hannun daman uwarta ba da taushi ba, ta danna ƙashin da babban yatsa yadda take yi wa majinyata.

"Ya ɗore a karkace. Tun lokacin na ce miki a je a ɗauki hoto."

"Kin faɗa."

Ta saki hannun, ta tsugunna ta tono wayarta daga cikin yadin, ta kakkaɓe zaren da ya maƙale.

"Sujadar farko ko ta biyu?"

"Ta biyu. Ta fi jama'a."