Katunan Masu Yankan Riɗi

Ya'u ya danna maɓallin kwamfutar da yatsa ɗaya, kamar mai taɓa garwashi. Hotuna tamanin da huɗu suka yi wuf, kowanne ya ɗauki suna.

"Wai ya gama?"

"Kalas, ya gama," in ji Haitham, mai shagon buga takardu a kasuwar Gadarif ta Sudan. "Ka ba shi hotuna, ka ba shi jerin sunaye, shi kuma ya liƙa su bi da bi."

Ya'u ya bushe da dariya har da dukan tebur. Shi ne wakilin ma'aikatan da za su je yankan riɗi a Fashaga. Bara kwana uku ya kwashe a shagon nan ana rubuta suna ɗaya-ɗaya. Riɗi kuwa ba ya jiran kowa, in ya nuna ba a yanke ba sai ya fashe ya zube. A shingen hanya kuma, duk wanda sunansa bai dace da katinsa ba, sauke shi ake yi.

Aka buga katunan. Ya'u ya duba su daga farko har ƙarshe, ya ce tamam, komai daidai. Ya nufi tasha yana tafe yana rangaji, har mai shayin da ba ta tambaye shi ba sai da ya ba ta labari. Da ya isa gindin lori, ya miƙa wa ma'aikatan katunan. "Kowa ya nemi fuskarsa!"

Can sai dariya ta ɓarke. Tsoho Jibril, mai furfura, ya ɗaga nasa. "Jama'a, ashe ni ne Waleed. Na koma ɗan ashirin."

"To ni wane ne, Baba?" in ji Waleed. Aka karanta masa: Hamid.

"Madalla. Yau a gidan Jummare zan ci tuwo."

"Ka je," in ji Hamid, mijin Jummare. "In ka iya da bakinta, na bar maka."

Wani har ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Direba ya leƙo. "Kai, jama'a, ana sallar azahar zan tashi, da ku ko ba ku."

Ya'u ya tattare katunan ya zuba da gudu zuwa shagon. Haitham ya buɗe hotunan, sai ga na farko: Ya'u ne da kansa, ya sha rawani, ya ɗauka don gwada kyamara. Shi ya cinye sunan mutum na farko, kowa ya gusa ya ɗauki na maƙwabcinsa. Haitham na dariya har da hawaye ya goge hoton, ya sake dannawa, injin ya shiga fitar da sababbi.

Ana kiran salla Ya'u ya dawo yana haki. Jibril ya tare shi, har yanzu da sauran murmushi a bakinsa.

"Na ɗazu, ka duba su kafin ka kawo?"

"Na duba mana."

"Shekara shida ina yi maka yanka, Ya'u. Ka ga fuskata da sunan Waleed, ka ce tamam?"

Direba ya tayar da lori, mutane suka miƙo hannu a ba su tarin katunan su raba. Ya'u ya hana. Ya tsaya a bakin tsanin lorin, ya zaro katin farko, ya karanta sunan da ƙarfi, ya jira ya ga wanda zai fito.