Ɗakin Shan Iska

Dogo ya daɗe yana tuƙa injin ɗaga kaya a wata masana'anta da ke kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan asibiti. Allurai, safar hannu, robar ƙarin ruwa, duk a cikin kwalayensu ake tura su wani ƙaton ɗakin ƙarfe, a garƙame ƙofa, a sako musu iskar da ake kira etilin oksaid. Idan an buɗe, Dogo ne ke fara shiga ya kwaso su zuwa ɗakin shan iska, inda ya kamata su zauna su huce kafin kowa ya taɓa su. Amma tun da aiki ya yi yawa shugaban sashe ya daina haƙurin jira. Da ɗuminsu ake kai su teburin manna takarda, inda Dogo ya samo wa ƙanwarsa Auta gurbi bayan ya sha roƙo da zarya.

Abin ya faro masa daga yatsun ƙafa. In ya taka ƙasa sai ya ji kamar auduga ya taka. Ya sauya takalmi, bai ga sauyi ba. Ran nan da safe kofin shayi ya suɓuce masa ya tarwatse.

"Baban yara, lafiya?" in ji matarsa.

"Kofin ne da santsi."

Ba ta yi musu ba. Ta durƙusa tana tsince fasassun, sannan ta ce, "Jiya ma makulli ya faɗi daga hannunka ba ka sani ba. Ni na ɗauke. Yau asibiti za ka, ko na kai ka da kaina."

A hanya ya riƙa tuna waɗanda suka ɓace daga wurin aiki. Mai Rediyo, matar nan da bakinta ba ya hutawa, ta tafi a duba mata wani kullutu a nono, ba ta dawo ba. Gajere, wanda ke taya shi buɗe ƙofa, ya rame ya ɗashe, aka ce jininsa ne ya lalace. Da can har tsokana suke yi, wai duk wanda ke aiki a nan ko mura ba za ta kusance shi ba, tunda an gama kashe masa ƙwayoyin cuta.

Likita ya soka masa allura a tafin ƙafa ya ce, "Ka ji?"

"Ka fara ne?"

Likitan ya shafa wuyan Dogo, yatsunsa suka tsaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, suka daɗe a wurin. Ya tambaye shi sana'arsa. Da Dogo ya ambaci sunan iskar, sai likitan ya gyara zama.

"Kuna sa abin rufe fuska mai tace iska?"

"Idan baƙi za su zo dubawa. Amma likita, ai ba ma jin warin komai."

"Nan ne sharrinta. Ba ta da launi, kuma kafin hanci ya ji ta, ta riga ta wuce kima. Tana kashe jijiya, tana taɓa jini, tana iya jawo sankara. Mai ciki kuwa har ɓari tana iya sa ta. Za mu ɗebi jininka, wannan kumburin na wuya ma sai mun duba shi."

Dogo bai ji sauran bayanin ba. Cikin Auta ya riga ya tsufa.

A teburin manna takarda ya same ta a tsaye, ta jingina cikinta da wani kwali tana shafa takarda a kansa, idanunta jajir suna ruwa.

"Yaya, yau makara ka yi? Oganka sai kumfar baki yake."

"Cire rigar aikin nan. Ɗauko jakarki."

"Me aka yi? Inna ce?"

"Inna lafiyarta lau. Kanki na ciwo?"

"Wa kansa ba ya ciwo a nan?" ta ce tana dariya. Da ta ga fuskarsa, dariyar ta ɗauke.

Shugaban sashe ya leƙo. "Dogo! Ina ka shige? An buɗe ƙofa, kaya na jiranka."

Dogo ya ɗaga murya yadda duk matan teburin za su ji, ya faɗi abin da likita ya ce. Wasu suka ja da baya daga kwalayen. Wata ta ɗaga gyalenta ta toshe hanci. Shugaban ya ce tsufa ne ya kama Dogo yake neman wanda zai laƙa wa, kowa ya koma aikinsa. Hannuwa suka koma kan kwalaye, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Ya ja hannun Auta suka fita. Ba ya ma jin hannun nata a cikin nasa sosai.

A bakin titi, suna jiran mota, ta ɗora tafinta a kan cikinta. Can ta ce, "Yaya, tun jiya ban ji ya motsa ba. Na ɗauka barci yake."

Dogo ya shiga tsakiyar titi yana ɗaga wa motoci hannu.