Zomon Najaha

"Zomo, zubo mini awara mai zafi!"

Zuhra ba ta ɗaga kai daga kasko ba. Ɗan'azumi mai rake ne, tun safe bakinsa bai huta ba. Tashar Matameye duk ta ɗauka, daga direbobi har 'yan kabu-kabu, kowa zomo, zomo. Dalili kuwa, jiya rediyo ta sa hirar da aka yi da Najaha, 'yar garin nan da ta ciyo gudun famfalaki a ƙasar waje. Da faransanci ta yi magana, mai fassara ya juya da Hausa: wai da aka tambaye ta wa ya koya mata gudu, sai ta ce ƙawarta Zuhra ce zomonta na farko.

Zomo fa! Mace da 'ya'yanta, a kira ta da sunan naman daji duniya tana ji.

Tare suka yi lakwal, wato makarantar boko, ita da Najaha. A wancan lokaci, in mushe, malaminsu na wasanni, ya busa usur suka ɗauki hanyar Kance, ƙeyar Zuhra kawai Najaha ke gani. Sau nawa Zuhra tana tsayawa gindin gawo tana jira ta ƙaraso tana haki? Shekarar da aka zo ɗaukar su gasa a Damagaram, innar Zuhra ta kwanta ciwo, babu mai riƙe kasko. Zuhra ta ce sai baɗi. Najaha ta shiga mota. Daga Damagaram sai Yamai, daga Yamai sai jirgin sama, ita kuwa Zuhra har yau tana gaban kaskon nan.

Ƙyashi take ji, kuma ba ta yi wa kanta ƙarya. Duk sanda aka nuna mata hoton Najaha a waya, tuta a wuya, ba fuskar take kallo ba, ƙafafun take kallo. Ƙafafun da ta sha bari a baya! Ranar ko tuwo ba ya yi mata daɗi.

Ga kuma sabuwa. Basira, babbar 'yarta, ƙafar uwarta ta ɗauko, ba mai kama ta a lakwal. Najaha ta aiko cewa yau, in an gama tarbarta a ofishin magajin gari, za ta zo roƙon a ba ta yarinyar ta kai ta Yamai horo. Hashimu, uban yarinyar, ya ce abin da uwarta ta yanke shi ke nan. Ita kuwa ta riga ta yanke. A zage ta a rediyo, sannan a ɗauke mata 'ya? Haba!

Bayan azahar sai ga Najaha a ƙafa, siririya kamar karan gero, da mayafinta, mutane na biye.

"Sannu da aiki, ƙawata."

"Ƙawarki ko zomonki?" in ji Zuhra, idonta a kan mai.

Najaha ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah! Abin da kika riƙe ke nan? Zuhra, a wurinmu masu gudu zomo mutum ne, haka ake ce masa da faransanci. Shi ake sawa gaba ya ja sauran, ya tare musu iska, kowa yana bin sawunsa. Ba a ba rago wannan aiki. Sai mai ƙafa na gaske."

Ɗan'azumi ya sosa ƙeya. "Au, ashe yabo ne."

Zuciyar Zuhra ta ɗan yi sanyi, har ta ɗago kai. Da ma ta tsaya nan. Amma ina, sai da ta tambaya.

"To shi zomon, na nawa yake zuwa?"

Najaha ta dubi ƙasa. Ta gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

"Ke nake tambaya."

"Ba ya ƙarasawa," in ji Najaha a hankali. "In an yi nisa sai ya ratse gefen hanya, ya bar su su wuce."

Wallahi gara tsokanar Ɗan'azumi sau dubu. Tsokana ƙarya ce, wannan kuwa ba inda za ta ce ba haka aka yi ba. Ta tsaya sandare da matsami a hannu, awara tana ƙonewa ba ta ma sani ba.

Basira, wadda ke tsaye gefe tun ɗazu, ta durƙusa da sauri. "Inna, kawo in tsame. Ki bari, ba sai na je ba. Wa zai taya ki?"

Zuhra ta dubi hannun yarinyar a kan matsami, ta dubi dogayen ƙafafun da aka naɗe gaban murhu. Sai ta buge hannun.

"Sakar mini kaskona! Wa ya ce ki taɓa?"

Ta juya ga Najaha, ba murmushi ko ƙanƙani. "Ki tafi da ita. Amma ki ji da kyau, ba zomon kowa za ta yi ba. Ko naki."

"Na ji, na yarda."

"Ke kuma," ta nuna Basira da matsami, "ranar da kika ga ƙeyar Tantinki Najaha a gabanki, ki wuce ta. Kada ki kuskura ki tsaya jiranta gindin gawo."

Najaha ta yi dariya, idonta ya kawo ruwa. Zuhra ba ta taya ta ba. Ta tsame awarar da ta ƙone baƙi ƙirin, ta zuba a takarda, ta miƙa wa Ɗan'azumi.

"Ungo. Ai mai zafi ka ce."