Gaisuwa ga Mai Wule

A shekarar da ake ta maganar Turawa za su tafi su bar wa 'yan ƙasa mulki, wani akwati ya sauka a Ƙofar Wambai ta Bauchi, a gidan Hammajoda. Mijinyawa direba ne ya kawo shi daga Kaduna, naɗe cikin bargo, ya ƙi yarda kowa ya taya shi ɗauka. Ya ce saƙo ne daga Yero, ɗan gidan, wanda ya shekara huɗu yana aikin reluwe a can.

Rediyo ne. Batirinsa ya kai girman tubali, ga kuma wata doguwar waya da aka ɗaure a reshen ceɗiyar tsakar gida. Kafin kwana uku tsattsewa sun mai da wayar wurin hutawarsu. Bintu, uwar Yero, takan tsaya ta yi ta kallonsu, tana tunanin ko maganar da ke bi ta cikin wayar tana yi musu cakulkuli a tafin ƙafa, don ba sa daɗewa sai su tashi fir.

Hammajoda da Bintu Filani ne da suka zauna a gari. Shanunsu suna ƙauyen Tirwun a hannun dangi, kuma daga can Bintu take ɗauko nono da man shanu ta kai wa kuku-kukun gidajen Turawa a bariki. Hammajoda bai yi wani murna da akwatin ba. Ya zagaya shi sau biyu, ya leƙa bayansa, ya ce, "Baƙon da ba ya ci, ba ya sha, kuma ba ya yin shiru. To, Allah ya sa alheri." Ya koma zaure ya ci gaba da tufkar igiyarsa.

Kafin Mijinyawa ya tafi ya ce, "Inna, mai saƙon ya ce lalle ranar Juma'a bayan la'asar ku kunna. Akwai shirin gaishe-gaishe."

Ran Juma'a kuwa matan unguwa suka cika ɗakin Bintu. A gaba akwai Hajja, maƙwabciyarta mai ƙuli-ƙuli, 'yar cikin gari gaba da baya, wadda in magana ta zo mata ko a gaban alƙali sai ta fito. Da mutumin cikin akwatin ya yi sallama, Hajja ta amsa masa da ƙarfi, har da tambayar gajiya. Aka yi kiɗa, aka karanta gaisuwar mutanen Gusau da ta mutanen Minna. Can sai muryar ta ce, "Yero Hammajoda, ma'aikacin reluwe a nan Kaduna, yana gaida mahaifiyarsa Bintu a Ƙofar Wambai, Bauchi. Ya ce a gaya mata yana kewarta."

Hajja ta rangaɗa guɗa. Mata suka juyo gaba ɗaya suna duban Bintu.

To, Yero ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna, sunan bai taɓa fita daga bakin Bintu ba, haka ma uban. Kakarsa ce ta goya shi. In Bintu za ta ba shi abinci, sai ta ajiye ƙwarya ta dubi bango ta ce, "Ga tuwo nan in da mai ci." In ya tona tuwon, a ƙasa zai tarar da tsokar da ta fi kowace girma. Haka uwarta ta yi da nata ɗan farin, haka kakarta ta yi. Yau ga wani ƙato da ba ta taɓa gani ba ya haɗa sunanta da na yaron a numfashi ɗaya, kuma an ce har mutanen Sakkwato suna ji.

Ta miƙe, ta ce, "Na bar nono a rana." Ta fice.

Ba nono a rana. Bayan ɗakin ta zagaya, inda wata 'yar taga take sama da kai, ta jingina da bango tana sauraro, ko za a sake faɗa. Ba a sake ba. Amma ta daɗe a wurin, tana jujjuya maganar a ranta kamar mai tsotsar alewa.

Juma'a bakwai ana haka. Yau akuya ta kwance, gobe wuta za ta mutu, jibi ta ji kamar ana sallama. Kullum da zarar an ce "ma'aikacin reluwe" ta kai bakin ƙofa, kuma kullum tana bayan ɗaki kafin a kai ƙarshen gaisuwar. Har ƙasar wurin ta yi santsi da sawunta.

Juma'a ta takwas aka gama shirin ba a ambaci Ƙofar Wambai ba. Ta tara ma haka. Bintu ta goge akwatin da tsumma, ta sa aka ƙara ɗaga wayar sama, ta kori tsattsewa ko su ne ke tare maganar. Ta goma ta zo ta wuce.

Da safe Hajja ta shigo aron turmi, ta tsaya tana sosa ƙeya.

"Ke Bafilatana, ina jin bakina ya yi ɓarna."

"Yau aka fara?"

"A'a, wannan ta fi. Mijinyawa ya tambaye ni ko kina jin daɗin gaisuwar. Ni kuwa don a yi dariya na ce masa da an kira sunan kike ficewa kamar an sako kura. Ashe ya je ya faɗa wa yaron haka. Wai yaron ya ce to ba zai ƙara damunki ba. Wai ko Babbar Sallah ma a can zai yi."

Bintu ta ci gaba da kaɗa nono. Hannunta bai tsaya ba, amma sai da man ya tashi ya wuce ba ta lura ba.

"Ai ya san al'ada," ta ce.

"Ya sani da. Shekara huɗu yana zaune da mutanen da uwa ke rungume ɗanta a tasha kowa na kallo. Zuciya ai ba dutse ba ce. Ki aika masa ke ma. Faɗi sunan mu gani, daga ni sai ke, ko kaza ba ta kusa."

"Hajja, ɗauki turminki."

"Kunyar nan taku wata rana sai ta hana ku shiga Aljanna, a kira suna ku ce kun bar nono a rana."

Da hantsi Bintu ta kai wa Hammajoda fura a zaure. Ta durƙusa, ta ajiye, ba ta tashi ba.

"Malam, akwatin nan ya rage surutu."

"Ya gaji ne," in ji shi, idonsa a kan igiya. "Kowa ya yi ta sallama ba a amsa ba, ai juyawa zai yi." Ya kurɓi fura, ya goge gemu. Sai kuma ya ce, kamar wanda ya sauya zance, "Jiya na leƙa Tirwun. Wule ta haihu. Mace."

Wule saniya ce mai farin goshi, jikar saniyar da aka ba Yero ranar sunansa. Shi ya raine ta tun tana maraƙa, shi ya raɗa mata suna, kuma ranar da zai tafi Kaduna ya fi daɗewa wajen sallama da ita fiye da mutanen gida, don ita ba ta jin kunyarsa.

Washegari, bayan Bintu ta sauke wa kuku-kukun bariki nononsu, ba ta kama hanyar gida ba. Ta nufi gidan waya. A gindin mangwaron da ke gabansa akwai Irmiya, tsohon soja daga wajen Dass, mai rubuta wa mutane wasiƙa. Yana da ɗan tebur mai ƙafa ɗaya gajera da ya tokare da dutse, da tabarau da aka ɗaure da zare. Ta jira har layi ya ƙare, sannan ta matso ta ce tana so a aika gaisuwa a akwati.

"An gama, Mama. Sunan wanda za a gaisar?"

"Yana Kaduna."

"To. Sunansa?"

"Yana aikin jirgi."

Irmiya ya sauke tabarau ya dube ta. "Mama, masu aikin jirgi a Kaduna sun fi 'ya'yan mangwaron nan yawa." Ta ɗaga kai tana kallon mangwaron kamar za ta ƙirga. Sai ya gane, don ya daɗe a gindin bishiyar nan. "Ɗan fari ne ko? To ga dabara. Zan yi ta jero sunayen Filani, in na zo kan nasa ki yi tari."

"In na yi tari ai na faɗa ke nan."

"To naki sunan fa?"

"Shi ma kada a sa."

"Haba Mama! Ba suna a sama, ba suna a ƙasa, wannan ai riga ce ba wuya. Ta ina za a sa ta?"

Wani mangwaro ya faɗo kusa da tebur. Bintu ta gyara zama ta ce, "Rubuta. Ana gaida mai Wule."

"Wule kuma wace ce?"

"Saniya."

Irmiya ya tsoma alƙalami a tawada. Ta ci gaba a hankali, tana kallon ƙasa. "Ka ce Wule ta haihu, mace, da farin goshi irin na uwar. Ka ce ba a sa mata suna ba, ana jiran mai ita." Ta ɗan tsaya. "Ka ce kuma ana ji. Duk Juma'a ana ji."

"In ƙara da cewa ana kewarsa?"

"Wa ya ce maka?"

"Ba kowa, Mama. Alƙalamin ne ya so ya zarce."

Ya karanta mata daga farko, ta gyaɗa kai. Daga ƙasa ya ƙara layi biyu nasa na kansa, yana roƙon mai karatu don Allah ya karanta yadda take, kada ya ɗauka wasa ne. Ta ajiye masa curin man shanu a ganye, ta tsaya sai da ta ga wasiƙar ta shige bakin jan akwatin gidan waya. A hanya tana ta tunanin yadda takarda za ta hau jirgi ta tafi shiru, ta dawo da murya ta bisa duwatsu.

Juma'ar farko ba a karanta ba. Ta biyu, ana dab da rufe shirin, sai mutumin ya yi 'yar dariya ya ce, "Jama'a, ga wata gaisuwa daga Bauchi, ba sunan mai aikowa, ba na wanda aka aika wa. Amma an roƙe ni, kuma zan cika." Ya karanta ta tsaf, bai rage ko kalma ba. Da ya gama ya ce, "To mai Wule, in kana ji, Allah ya raya."

Mata suka fashe da dariya. Wata ta ce yanzu har shanu sun shiga rediyo, saura jakuna. Hajja ta saci kallon Bintu, ta buɗe baki, sai kuma ta cusa ƙuli-ƙuli a ciki ta yi ta tauna. Daga zaure aka ji Hammajoda ya yi gyaran murya sau biyu.

Saura abu ɗaya, shi ne wanda ya hana Bintu sakat. Mutumin da ya yi fushi da akwati, zai zauna gabansa ran Juma'a? In bai ji ba fa? Mutanen Sakkwato sun ji, na Minna sun ji, mai saniya kaɗai bai ji ba? Kwana goma sha huɗu ta yi tana wannan saƙa da warwara, har ta zuba wa wani kuku tsala a maimakon kindirmo.

Juma'a ta biyu bayan nan, ana cikin yayyafin farkon damina, muryar ta ce, "Masu sauraro, kun tuna saniyar nan ta Bauchi? To ga amsa ta zo. Mai Wule ya ce ya ji. Yana gaida mai tatsarta, yana gaida mai tufka mata igiya. Ya ce a kula da maraƙar, yana tafe da Babbar Sallah, da sunan a bakinsa."

Bintu ta riga ta dafa ƙasa za ta miƙe, don jiki ya saba. Sai ta ga ba a kira kowa ba. Ba sunanta, ba nasa, magana ce kawai ta shanu. Ta koma ta zauna, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta saurara har aka gama kiɗan da ya biyo baya.

"Kai, Filani!" in ji Hajja, tana share ido da gefen zane. "Ku da shanunku Allah ya bar ku tare."

Da matan suka watse, Hammajoda ya shigo tsakar gida da sabuwar igiya, 'yar ƙarama, daidai wuyan maraƙa. Ya rataye ta a ceɗiya, ya tsaya yana duban wayar da ruwa ke ɗiga daga jikinta.

"Uwargida," ya ce, "saniya dai ba ta haihuwa kowace Juma'a. Nan gaba me za a gaya wa akwatin?"

Bintu tana lulluɓe rediyon da bargonsa, ba ta juyo ba.

"Malam, wai ita kaɗai ce a garken?"