Ƙwayar Kiristal a Iskar Fanka

Tana cikin naɗe 'yar kwalbar da auduga Farfesa ya turo ƙofar ɗakin gwaji, ɗan ƙanwarsa na biye da shi yana wasa da makullin mota. Jiya-jiyan nan ta ƙi yarda a sa sunan wannan ragon a gaban nata a takardar bincike, alhali ko kwalba bai taɓa wanke mata ba.

A ƙasan ruwan kwalbar akwai ƙwayar kiristal guda, wato daskararren sinadari mai ƙyalli, ba ta fi ƙwayar gishiri ba. Tun tana da ciki ɗalibar take fama da haɗa ta, sai da ta yaye ɗan sannan abin ya fito. Sinadarin yakan gina kansa kamar keji, ya rufe wani ƙaramin sinadari a ciki, kuma na cikin shi ke tokare da bangon. Da an fitar da ƙwayar daga ruwa, na cikin zai tsere, kejin ya rushe. Gobe za a kai ta wani gari, inda na'urar ɗaukar hoton irin wannan gini take. Babu hoto, babu digiri.

"Kawo mu gani, 'yata," in ji Farfesa.

"Ranka ya daɗe, kada dai a buɗe."

"Oho! Yau ni za ki koya wa aikina?"

Ya cire murfin, ya sa hantsaki ya ɗauko ƙwayar, ya ajiye ta a kan gilashi daidai ƙarƙashin fanka. Sannan ya jawo kujera ya zauna, hankali kwance.

"Ya ɗan yaron? Ya fara tafiya kuwa?"

"Don girman Allah, Farfesa, a mayar da ita cikin ruwa."

"Maigidan fa? Har yanzu bai gaji da wannan karatun naki ba?"

Mutumin da ya rubuta littafi guda a kan abin nan, wallahi ya san me yake yi. Tana kallo ƙwayar ta dushe, ta yi fari, ta tsage. Ta tsane shi har tana jin ɗaci a bakinta, amma ko yatsa ba ta iya ɗagawa ba. Farfesa ya taɓa ƙwayar da bakin hantsakin, sai gari.

"Kash! Ashe abin naki ba shi da ƙwari." Ya hure gilashin. "Allah ya taimake mu, ɗan ƙanwar nan tawa ya ɗebi sauran ruwan sinadarinki a makon jiya, tasa ƙwayar ta fito tubarkalla. Ita za a kai gobe, da sunansa. Sai dai hannunsa rawa yake yi. Ki raka shi ki ɗora masa a na'ura, ƙila mu sama miki wuri a layin godiya na ƙarshen takardar."

Ɗan ƙanwar ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Ta tuna mijinta, da ya ce wannan ce shekarar ƙarshe da zai yi haƙuri. Ta share hanci da hannun farar rigarta.

"Ƙarfe nawa motar za ta tashi, ranka ya daɗe?"