Ruwan da Ummu Nizar Ta Gyara

Sau ɗaya a shekara kogin Shaɗɗul Arab ke ɗauko laka irin wannan, lokacin da ambaliya ta yi karo da tunkuɗowar teku a bakin garin Fawo. Nizar ya sha rana cikin kwalekwale yana cika kwalabe, wasu daga saman ruwa, wasu daga can ƙasa. Aikin digirinsa ke nan: auna girman ƙwayoyin lakar da ke yawo a ruwa, a gane wadda ke wucewa teku da wadda ke kwanciya ta toshe wa masunta hanya. In kwalaben nan suka lalace, sai kuma baɗi.

Ya jera su a inuwar ɗakin girkin mahaifiyarsa, ya tafi tarbar malamarsa, Dakta Basima, da ke tafe daga Basra da na'urar awo. Bai ce wa tsohuwar uffan ba. Dama tun da ya shiga jami'a ya daina yi mata bayani, a ganinsa ɓata yawu ne.

Ita kuwa Ummu Nizar abin da ta sani shi ne baƙuwa na hanya, ga ruwa jajir kamar kunun kanwa a gidanta. A Fawo ba macen da za ta bari baƙo ya ga haka. Ta daka alum, farin dutsen nan mai tace ruwa, kamar yadda uwarta ta koya mata, ta barbaɗa a kowace kwalba. Kafin shinkafa ta nuna, laka ta dunƙule ta kwanta, ruwa ya yi garau.

Nizar na shigowa ya gani, ya ɗaga kwalba ɗaya ya duba. Alum ya manne ƙwayoyin wuri ɗaya, ba sauran abin aunawa. A gaban malamarsa ya juyo kan uwarsa.

"Yumma, wa ya aike ki? Abin da ba ki sani ba ki bar shi mana. Shi ya sa ba na son kawo mutane gidan nan."

Magana zarar bunu. Tsohuwar ta shimfiɗa leda ta kawo gasasshen kifi da dabino. Dakta Basima ta ci sosai, tana yabon girkin, tana tambayar yadda dabinon bana ya yi da ruwan gishiri. Ko sau ɗaya ba ta dubi Nizar ba, har ta yi sallama. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Da safe ya fito zai kama motar Basra, sai ya tarar da uwarsa a bakin ƙofa, abayarta jiƙe har gwiwa. Ta rungume jarka cike da ruwan laka, tana lallaɓa ta kada ta girgiza. Duk da ciwon ƙafar da take fama da shi, ta gangara har gaɓa. Amma tekun ya riga ya janye, wannan ruwan ba zai gaya wa na'ura komai ba, shi ma ya sani.

"Ga shi, ɗana. Ko yatsa ban sa ba," in ji ta. "In ka kai musu, ba sai ka ce daga gidan nan ya fito ba."

Ya karɓi jarkar da hannu biyu. A cinyarsa ya ɗora ta har Basra, direba na ta ce masa ya sa a but ɗin motar, ya ƙi.