Abin da Ya Kashe Fankar Bakari

Gwadabe makanike ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, Bakari direba kuwa ya zaga motar ya fi sau goma. Zama ya gagare shi. Likitan ƙirji na Kano ranar Laraba kaɗai yake ganin mutanen nesa, yau kuma Laraba, ga numfashin mahaifiyarsa Barira sai ƙara sarƙewa yake. Bazarar Hadejia ba ta raga wa mai lafiya ma, balle ita. Shi ya sa ya kafe sai an canja injin fankar hura iska cikin motar da ya mutu kafin su kama hanya.

"Malam Gwadabe, rana fa tana yi."

"Sauri ya haifi nawa. Noti ɗaya ya rage."

Gwadabe ya zaro tsohon injin, ya zura hannu cikin ramin iskar, ya jawo wata laya ɗinke da jar fata, duk fanka ta ci gefenta.

"Ga ajalin fankarka," in ji shi. "Ita ta maƙale, injin ya yi ta fama har ya ƙone."

Aka ɗaura sabo, iska ta taso, ran Bakari ya yi fari. Bai san tsohuwa ta baro tabarmar da ya shimfiɗa mata a inuwar garejin ba sai da ya ji muryarta a bayansa.

"Wa ya fito da ita?"

"Inna, ke kika sa?"

"Tun shekarar da motar ta shigo hannunka. Malamin da ya rubuta ta ya ce a sa ta a maƙogwaron motar, inda take shan iska. Kullum kana hanyar Auyo da Miga, ko kaza ka taɓa bugewa?"

"Bari in rataye ta a madubi."

"Rataye. Ni kuma ka mai da ni gida."

Ya san uwarsa, maganarta ɗaya ce. Tsoro da takaici suka taru suka cushe masa.

Gwadabe ya yi ƙasa da murya. "In ta koma ka kunna, sabon ma ya tafi."

Bakari ya durƙusa, ya mayar da layar da hannunsa.

"Ɗaure notinka. Ba zan kunna ba."

Ya sauke gilasai duka, ya jiƙa mayafinta da ruwan buta, ya kwantar da ita a baya. Mota ta ɗau zafi kamar tanda. Tsohuwa ta ja numfashi da ƙyar, ta lumshe ido.

"To, ɗan nan," ta ce, "yanzu yi gudunka yadda kake so."